Tafin Hannu a Ƙarƙashin Kaza

A shekarar da rumbunmu ya ƙare a Falanko, ƙwarya ɗaya ta irin gero ce ta rage mana. Inna ta ce a daka, don ƙanena ko kuka ba ya iya yi saboda yunwa. Baba ya ce a duba taurarin Kaza tukuna. In suka ɗaga da asuba har tafin hannu ya shiga tsakaninsu da ƙasa, ruwa ya kusa, sai a binne irin.

Amma idonsa ya riga ya dushe. Da asuba ya kai ni bayan gida, ya juya ni gabas, ya miƙar mini da hannu. Na sa tafina a ƙarƙashin taurarin.

"Tsayar da shi, 'yata," ya ce. "Ran ƙanenki kike aunawa."

Na ce tafin ya shiga. Inna ta jingine taɓarya, ba ta dube mu ba.

Ruwa ya zo, gero ya yi, ƙanena bai kai kaka ba. Yau ni ma idona ya dushe, amma ban taɓa sa yaro ya duba mini sama ba.