Ƙurajen Kuncin Dama

Mai ɗinkin ta tsayar da keke, ta dubi direban da ya daɗe yana nemanta. Yau ma bai zo da maganar aure ba, man shafawa ya ajiye mata a kan tebur.

"Na ƙuraje ne," ya ce. "An ce yana aiki."

Ta juya masa kuncinta na hagu, sumul, sannan na dama, inda ƙuraje suka feso har wuya.

"Likita ta ce waya ce. Kullum tana manne a nan cikin zufa, ina sauraron alkawuranka."

Ya buɗe baki zai yi magana, ta tura masa kwalbar a gajiye.

"Ɗauki abinka, malam. Ko ka zo ka ga Baba, ko ka bar min kuncina ya warke."