Kogon da Stratis Ya Ƙwace

Zakareniya tana fitar da cukunta na ƙarshe daga kogon, ƙanin mijinta Stratis yana tsaye da takardar kotu a hannu.

"Yi sauri, matar yaya. Gidan abinci zan buɗe wa baƙi a nan."

Shekara talatin tana ajiye cuku a wurin. Mijinta bai cika wata shida a kabari ba Stratis ya ƙwace.

"Allah ya sa albarka, ƙanena," ta ce. "Ka share lungun can da kyau, akwai ɓera."

A lungun ya tsinci wani ɗan gunkin tagulla. Kowa a tsibirin Kirit ya san idan fartanya ta taɓo kayan mutanen da can, rufewa ake yi a ja baki, kada hukuma ta karɓe wurin. Stratis ma ya ja bakinsa, amma bayan ya ba da labarin a gidan gahawa, gaban mutum goma.

Kafin mako ya zagayo masu haƙar kayan tarihi sun iso. Suka ce wurin bauta ne na shekara dubu uku, suka kewaye kogon da waya, har da gonar zaitun ɗinsa.

Shekara shida ke nan ba su sami komai ba, wanda a wurin masana yake nufin a ƙara haƙa.

"Sai yaushe, Farfesa?" Stratis ya tambayi shugaban masu haƙar.

"Jikokinka za su ji sakamako."

Zakareniya kuwa cukunta yana wani kogo bayan dutse, wanda kakarta ta nuna mata. Gumakan can sun fi ɗari. Ɗaya kawai ta ara.