Tumbin Mahfuz

Allurar sikelin ta yi rawa, ta wuce inda ta tsaya watan jiya, ta ƙara gaba. Hajiya Aishatu ta ja tsaki. Sikelin asibiti ne, in ji ta, kowa ya san ƙarya yake yi.

Ɗanta Mahfuz ya sauko ya zura takalmi. Saura 'yan makonni a tantance masu neman aikin ɗamara, kuma a filin nan ba ruwan kowa da gidan da ka fito. A auna ka, a sa ka gudu, wanda tumbi ya riga shi isa layi ya koma gida. Bana ce damarsa ta ƙarshe, baɗi shekarunsa sun haura.

Ba za a ce bai yi ƙoƙari ba. Ya bar masa, ya bar tsire, ya bar lemon kwalba. Tuwon dare ma ya yafe shi, sai kofin kunun tsamiya da uwar ke dama masa da hannunta bayan magariba. Duk da haka wando sai ƙara matse shi yake. Ya tashi da safe kai ya yi masa nauyi kamar dutsen niƙa, ya wuni a zaune yana hamma, ransa ba abin da yake so sai zaƙi.

Likita Adaora ta ajiye biro ta dube shi. "Kana shan giya?"

"A'uzu billahi!" Hajiya ta riga shi. "Jikan malaman Ƙofar Ran kike tambaya giya?"

"Mama, yi haƙuri, yaronka nake tambaya."

Yaronka. Mace har ta gama karatun likita ba ta san "ka" da "ki" ba, ita ce za ta san cikin mutum. Hajiya ta kau da kai, ta bar ta tana ta zuba: wai hanta in ta ga giya ajiye kitse take yi a gefe ta fara da giyar, wai wasu magungunan sa barci kashe jiki suke yi su buɗe ciki, mutum ya daina motsi, ɗan abin da ya ci ya zauna masa.

"Wallahi Likita ban taɓa ɗanɗana ko ɗaya ba," in ji Mahfuz. "Barci kuwa ba ni nake nemansa ba, shi ke nemana. Da ƙyar nake kai isha'i."

Likitar ta ce to ya dawo a gwada jininsa. Tun kafin su fita ƙofa Hajiya ta yanke hukunci: jinin ɗanta ba na wasan yara ba ne, babu inda zai dawo.

A cikin keke Hajiya ta yi ta juya maganar a zuciyarta. Duk surutun nan kalma ɗaya ta tsinta, giya, kuma ta san inda za ta rataya ta. Tosin abokin Mahfuz, ɗan mai sayar da kayan gyaran babur a bakin layinsu. Ta taɓa hango shi a wani biki da koriyar kwalba a hannu. Ba ta matsa ta ga ko mene ne a ciki ba, ba ta ga dalilin matsawa ba. Yaron siriri ne kamar tsinken tsintsiya, wannan ma bai dame ta ba. Mai haƙa ramin mugunta ai wani yake haƙa wa.

Kullum da asuba sai ya zo yana buga musu ƙofa, wai su je gudu hanyar Gubi. Kullum sai ta ce masa Mahfuz bai tashi ba, kuma gaskiya take faɗa, ko ganga aka buga ba zai motsa ba.

Ita dai ta ga abin da giya ta yi wa wanta Nasiruddeen. Da hirar dare ya fara, a makara ya ƙare. Tun daga nan ta riƙe abu ɗaya, duk lalacewar ɗa namiji bayan isha'i take farawa. Shi ya sa take jin ta fi matan unguwa. Nasu 'ya'yan suna majalisa har gari ya yi tsit, nata kuwa tun farkon shekara bai taka zaure da dare ba. In aka tambaye ta sirrin, sai ta gyara mayafi ta ce tarbiyya ce.

Suna sauka, ga Tosin a ƙofar gida yana washe baki.

"Mama sannu da dawowa. Mutumina, an samu ragi?"

Ta wuce shi kamar ta wuce turken wuta, amma ta rage sauri a zaure.

"Tunda safiya ta gagara, mu koma dare," ta ji Tosin yana cewa. "Bayan isha'i akwai sanyi, mu zaga fili. Lokaci ya ƙure fa, ɗan Hajiya."

Mahfuz ya ce, "Zo ka same ni. Yau ko da tsinke ne sai na tokare idona."

Da aka idar da magariba ta shiga kicin ta dama kunu, ta sauko da ɗan turminta da ba ta bari kowa ya taɓa. Maganar likitar ta faɗo mata, ta yi murmushin raini. Karatun boko kenan! Abin da bai kai ƙwayar wake ba, shi ne zai yi wa ƙato tumbi?

"Umma, kunun ya yi?"

"Saura kaɗan, ɗan albarka."

Ta kwance bakin zaninta, ta zuba ƙwayoyin barcin nan biyu da take daka masa kullum, sannan, tunda yau Tosin zai dawo, ta ƙara ta uku.