Taku Arba'in da Uku

Tunda ka ce hidima ce ta hana ka leƙa ɗan'uwanka, gyara zama in ba ka misali.

An yi wani tela da zaman keke ya tara wa teɓa, har likita ya ce masa ko ya kama gudu ko hawan jini ya kama shi. Sai ya jawo amininsa, wani mai facin taya da suka tashi tare tun suna wasan langa, suka shiga sassarfa kullum bayan sallar asuba. Ƙa'idarsu ɗaya ce: telan zai ratse lungun su mai faci, ya ƙwanƙwasa ƙyauren zaure sau uku, ya tsaya yana yi masa tsiya har ya gama ɗaura takalmi, don mutumin akwai nawa. Daga nan su nufi gadar bayan gari su dawo, suna haki suna hirar duniya. Shekara tara suna haka. Agogon telan a lokacin tsoho ne mai tsagaggen gilashi, bai san komai ba sai ƙarfe nawa.

Ana nan sai 'yarsa da ke aure a birni ta aiko masa da sabon agogo irin na masu gudu, mai magana da tauraron ɗan'adam. Yana ƙirga taku, yana ƙirga bugun zuciya, ya gaya maka minti nawa ka ci a kowace kilomita, sannan ya zana hanyar da ka bi da jan layi a cikin waya. In ka rage sauri sai ya girgiza a hannunka kamar mai tsawatarwa. Telan ya ɗauki son duniya ya ɗora wa abin nan. Ba a yi mako ba agogo ya nuna masa abin da bai taɓa damunsa ba a shekara tara: ratsen lungu da jiran ɗaurin takalmi suna cinye masa minti bakwai, kuma duk hanya shi ke jan ƙafa saboda abokinsa. Sai ya ce, "Mutumina, daga gobe mu riƙa haɗuwa a bakin titi." Mai faci ya ce to. Ran da ya makara, telan ya dubi hannunsa ya wuce. Ran da suka haɗu, ya baro shi tun kafin gidan mai. Da mai faci ya daina fitowa, aka ce ƙafafunsa ne suka kumbura, telan ya ce, "Allah ya sawwaƙe, gobe zan leƙa shi." Ba kuma ƙarya yake yi ba, har ransa yana nufin zuwa. Sai dai in ya iso bakin lungun da safe jikinsa ya riga ya ɗauki zafi, tsayawa za ta ɓata masa lokaci. Da rana ga ɗinkin mutane, da yamma ga gajiya. Haka goben nan ta yi ta haihuwar wata goben har wata biyu.

Wata Lahadi ya ƙudura sai ya yi kilomita ashirin da ɗaya ba tsayawa. Ya bar waya a gida don kada ta yi masa nauyi, ya wuce bakin lungun kamar kullum, ya zagaye gari ta baya. Ya kuwa cika, agogo ya nuna masa hoton kofi. Ya shigo gida yana washe baki, ya tarar da matarsa tsaye a tsakar gida da wayarsa a hannu, idonta jajur. Mai faci ya cika da asuba. Lokacin da telan ya gifta bakin lungun, wanka ake yi masa. Ko da ya isa, da gumin gudu a jikinsa, mutane sun dawo daga maƙabarta, ana shimfiɗa tabarmi. Bai ga fuskarsa ba, bai samu sallarsa ba, bai zuba masa ko tafin ƙasa ɗaya ba.

Yayan marigayin, wani dattijo marar son hayaniya, ya karɓi gaisuwarsa, ya nuna masa wata kujerar roba a bakin zaure, da takalmi a ƙarƙashinta. Ya ce, "Kullum da asuba sai ya sa an fito da shi nan. Yana hango wucewarka. Na ce bari in aika a kira ka, sai ya ce, 'A'a Yaya, ƙyale shi, agogonsa ne bai ce ya tsaya ba.'"

Telan ya koma gida ya buɗe wayar, ya ga jan layi kan jan layi, kusan sittin, duk sun miƙe ta bakin lungun, babu ko ɗaya da ya karkata. Washegari ya taka daga titi zuwa ƙyauren, agogo ya ƙirga masa taku arba'in da uku. Baƙin cikin da ya shige shi ran nan bai fita ba har yau. Yanzu kullum da safe yakan ratse lungun ya tsaya gaban ƙyauren, ya kasa ƙwanƙwasawa, ya kasa tafiya, agogon yana ta girgiza a hannunsa wai ya tsaya da yawa.

Ƙafar da ta ratsa gari sau sittin ta kasa taku arba'in da uku, kuma babu saurin da zai mayar da ita jiya. Don haka tashi ka tafi tun da sauran wanda zai amsa maka sallama. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, zumunta a ƙafa take.