Ramin da Aka Mayar Taga

Ka ce zagi ya yi yawa a dandalin nan naku na waya, don haka daga mako mai zuwa ba mai sake magana sai ya ɗora hoton fuskarsa da lambar katinsa na ɗan ƙasa. Ban ga laifinka ba, ɗana, zagi ba daɗi, ni ma an taɓa ni a can. Amma ajiye wayar tukuna, ka ji abin da ya sami wani gari na bakin kogi.

A bayan zauren mai garin akwai wani siririn lungu da kowa ke bi in za shi ɗibar ruwa. Tun zamanin kakanni aka bar wani ɗan rami a jikin bangon, aka zura masa bututun gora. Duk mai maganar da ba ya iya faɗa a bainar jama'a, sai ya tsaya kamar mai gyara takalmi, ya kafa baki a gorar, ya faɗi abin da ya gani, ya wuce abinsa. Wani dattijo na zaune a ciki yana saurare. Murya takan iso masa a shaƙe, ba ya gane ta mace ce ko ta namiji. Ta ramin nan aka ji labarin mahaucin da ya yanka saniya mai ciwo, ta nan aka san rijiyar da akuya ta mutu a ciki. To amma gari ba ya rasa marasa kunya. Wani ya riƙa zuwa yana cewa mai gari na gyangyaɗi a wurin shari'a, wai har da dalalar da yawu. Gaskiya ce kuwa, shi ya sa ta yi zafi. Mai gari ya kira magini aka fasa ramin, aka mai da shi ƙatuwar taga. Ya ce mai gaskiya ba ya ɓoye fuska, duk mai magana ya leƙo a gan shi. Zagi ya ɗauke ɗif, mai gari ya yi wata biyar yana yabon dabararsa.

Damina ta yi nisa, kogi ya kawo. Matar mai jirgin fito, wanda ke ƙetarar da mutane zuwa kasuwar tsallake, ta kai wa mijinta abincin rana bakin ruwa. Ta tarar ya kifa babban jirgin yana cusa tsumma da ƙaro a wata tsaga mai tsawon kamu guda. Ta ce, "Maigida, anya wannan zai ɗauki 'yan kasuwa kuwa?" Ya ce, "Ajiye kwanon ki tafi. In na ji zancen nan a waje, na san bakin da ya fito." Saura kwana biyu kasuwa. Da a da ne, da ta tsaya gyara gammo a lungu ta faɗi kalma huɗu, shi ke nan. Sau uku ta bi lungun da tulu a ka, ba don ruwa ya ƙare mata ba. Karo na farko ta hango abokin mijinta zaune kusa da dattijon suna hira. Karo na biyu ta tsaya har ta buɗe baki, sai dattijon ya ɗago ya kira ta da sunan ɗanta na fari, ya ce yaya maigidan. Ta ce lafiya lau. Ta san in ta furta, kafin la'asar magana ta isa bakin ruwa da sunanta a kai. Aure ya mutu ke nan, ga yara huɗu, ga gari zai kira ta wadda ta tona asirin mijinta. Karo na uku ko kallon tagar ba ta yi ba.

Ranar kasuwa abin da ta iya kawai shi ne ta hana ƙanwarta tafiya, ta ce ta zauna ta taya ta daka. Ita kuma ta kasa zama, ta je ta tsaya a gaɓa tana kallon masu shiga: buhunan gero, awaki, mata da goyo, ƙanwar mai gari da kwandon daddawarta. Jirgin ya kai tsakiyar ruwa, tsumman ya fita. Mutum tara ba su dawo ba, har da ƙanwar mai gari.

Mai gari ya tsaya a gaɓa hawaye na zuba, yana cewa, "Duk faɗin garin nan ba wanda ya gani?" An gani mana. Mai sayar da ƙaro ya gani, masunta biyu sun gani, matar nan ta gani. Kowannensu ya bi ta lungun, ya kalli tagar, ya tuna yana da fuska da iyali. Washegari aka toshe tagar aka mai da gorar yadda take, amma har mai gari ya bar duniya ba wanda ya sake kafa baki a cikinta, don an riga an san bangon yana iya yin ido.

Ni matar nan ce ke ci mini rai. Ba muguwa ba ce, kuma ba ta taɓa zagin kowa ba. Gaskiya ce a bakinta, ƙarfin nuna fuska ne ba ta da shi. Irinta na nan a dandalinka, ba ka san su ba, kuma rashin sanin nan naka shi ya sa suke iya magana. Masu zagin za su yi shiru, wannan na yarda. Amma kafin ka kira magini, ka tuna da abin da Hausawa suka ce: garin neman gira, an rasa ido.