Amsar Tana Shafi na Ɗari Biyu da Sha Huɗu

Malam Mai Alƙalami yana da doka guda a gidansa: daga hantsi zuwa azahar, ko gobara ce ta tashi, ba a ƙwanƙwasa masa ƙofa. Waya a kashe, sakata a danne, shi kuwa ya duƙufa kan takarda. Littattafai tara ya rubuta a haka, duka da Larabci mai tsauri, irin wanda manyan ɗalibai ma sai sun ajiye ƙamus a gefe. Mutumin kirki ne, wannan ba musu. Sai dai iliminsa rijiya ce mai zurfi da aka bari ba guga.

Mai haɗa masa littattafan wani bawan Allah ne da ake kira Mai Zare. Shekara goma sha biyu yana jera shafuka, ya huda, ya ɗinke, ya manna bango. Ya san takardar Malam ko ido rufe, amma bai san me take faɗa ba.

Wata Talata da safe matar Mai Zare ta haihu a asibiti, jini ya ɓalle mata. Likita ta ce a nemo jini da gaggawa, na ajiya ya ƙare. Aka gwada na mijin, bai dace ba. Na yayyenta biyu ya dace, sai babban ya janye hannunsa.

"Mun ji an ce jini najasa ne, bai halatta a zuba wa wani ba," in ji shi. "Sai dai in Malam ne ya ce a yi."

Mai Zare ya kira Malam, waya a kashe. Ya tari babur sai gidan. Matar Malam ya tarar a tsakar gida tana shanya.

"Hajiya, tambaya gare ni, ta gaggawa ce."

"Kowa tasa ta gaggawa ce, Mai Zare. Ka san dokarsa. Zauna, azahar ta kusa."

Ya zauna a benci. Sau biyu ya miƙe ya ɗaga hannu zai buga ƙofar, sau biyu nauyin Malam ya sauke masa hannun. Awa ɗaya da rabi ya yi a wurin.

Malam ya fito da tawada a yatsa, yana raha. "Mai Zare, ko zaren ne ya ƙare?"

Da ya ji bayani, fara'ar ta gushe. "Ai ya halatta, sadaka ce ma babba. Na rubuta wannan tun shekara shida da suka wuce. Yana cikin littafina, shafi na ɗari biyu da sha huɗu."

"Ni na ɗinke shi, Malam," in ji Mai Zare. "Kwafi ɗari uku."

Bai rufe baki ba wayarsa ta yi ƙara. Matarsa ta cika, ta bar jaririya.

A wurin gaisuwa babu wanda ya ga laifin Malam, kowa cewa yake kwana ne ya ƙare. Wannan ya fi zagi yi masa ciwo. Ya yi imani da ƙaddara, amma ya ƙi ya ɓuya a bayanta. Yana komawa gida ya ɗauki guduma ya ɓanɓare sakatar nan.

"Yanzu kuma kafinta ka koma?" in ji Hajiya, idonta jawur, don ita ma abin yana cinta.

"Zo ki zauna. Duk inda ba ki gane ba, ki tsayar da ni."

Kwana uku yana rubuta shafi ɗaya kan halaccin ba da jini, da harshen da ake ciniki da shi a kasuwa. Duk kalmar da Hajiya ta yamutsa wa fuska, sai ya soke ta. Wani abokin karatunsa ya duba takardar ya taɓe baki.

"Malam, wannan ai rubutun yara ne. Zai zubar maka da girma."

"Girman da ya zaunar da mutum a benci matarsa tana mutuwa? Ya zube."

Ranar Juma'a bayan salla ya karanta wa jama'a shafin, ya ce gobe da safe yana asibiti zai ba da jini, mai zuwa ya zo. Malam kuwa tun yana yaro ba ya shiri da allura. Haka ya naɗe hannun riga, ya kwanta, ya juya fuska bango yana salati har aka cika leda. Da ya fito, mutum goma sha bakwai ya tarar a layi. Na ƙarshensu babban yayan marigayiyar ne, kansa a ƙasa.

Mai Zare yana bakin ƙofa yana raba wa mutane takardar. Ya dubi Malam ya ce, "Wannan ba ya buƙatar ɗinki, Malam. Amma cikin duk abin da ka rubuta, shi kaɗai na karanta."

Jama'a, ba da jini ceton rai ne, kada mu bari "an ce" ta ci gaba da kashe mana mutane. Mai ilimi kuma ya buɗe ƙofarsa, ya yi magana da harshen da mabuƙaci zai gane. Ilimin da bai iso kan lokaci ba, bai yi wa kowa rana ba.