Ƙofar Ofis Ta Ƙi Buɗewa

Kowa ya goga katinsa a jikin ƙofar don ya fita, jar fitila kawai take nunawa. Kwamfutoci sun ɗauke, na'urar sanyaya ɗaki ta mutu, tagogin kuma ba masu buɗewa ba ne. Akantar ofishin, da tsohon cikinta, ta zauna a ƙasa tana fifita da fayil, numfashinta na yin sama-sama.

"Ina mai kwamfutar nan?" in ji Manaja yana sharce gumi. "Tsaro aikinsa ne, ba namu ba."

Kowa ya gyaɗa kai. Dama sun gaji da nacinsa kan canza lambar sirri.

Sakatariya ta kira shi, ta buɗe muryar wayar kowa na ji.

"Ina bakin ƙofa, ranka ya daɗe," in ji shi. "Wani ne ya kutsa cikin na'urorinmu. Karanto mini babbar lambar sirrin da ka karɓe daga hannuna, in buɗe ku."

"Kai ma dai," in ji Manaja. "Ba ɗazu na tura maka ba, da ka aiko saƙo kana nema?"



"Ranka ya daɗe, ni ban aiko maka da saƙo ba."